Matar da Aka Fizge wa Jaka

Tun a mota Mama take dariya, irin wadda ake dannewa da bakin mayafi ta ƙi dannuwa. Babbar 'yarta, wadda ta taso daga aikin asibiti ko kayan nas ba ta cire ba, ta harare ta ta madubi.

"Mama, kotu fa za mu, ba gidan biki ba."

"Na sani. Ke dai kalli hanya."

Baba yana gaba, sanye da rigar da ya ɗinka wa kansa. Da safe ya ja Mama kicin ya raɗa mata wata magana, tun daga nan ta rikice.

Shekararsa ashirin da bakwai a wannan ƙasar da ya zo ci-rani, da takardar zama, da shagon ɗinki, da yara uku. Bara ya je gida jana'izar mahaifiyarsa. A dawowa, a filin jirgi, na'ura ta tono abin da ya daɗe da binnewa: yana saurayi sabon zuwa, aiki ya yanke masa, ya fizge jakar wata mata a tashar bas. Wata huɗu ya yi a gidan yari. Yanzu hukumar shige da fice tana neman a tasa ƙeyarsa.

Lauya ya yi musu bayani tun ranar farko. A kotun laifi magana ta mutu, amma wajen shige da fice sata ba ta tsufa. Alƙali yana da ikon yafewa idan ya auna shekaru da iyali da nadama. Da za a samu matar ta ce ta yafe da bakinta, da aiki ya zo da sauƙi. Sai dai an shafe sunanta a tsofaffin takardun. Abin da ya rage kawai shi ne da kanta ta kama ɓarawon.

Wata uku 'yar tana neman matar nan. Ta sa cigiya a jarida, ta bi tsofaffin masu tebur na tashar ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce ta bar matar mutane ta huta. Mama kuwa cewa ta yi, mace mai wannan zuciya ai tana nan da ƙarfinta.

A barandar kotu Mama ta yafito lauya da hannu, ta yi masa magana a kunne. Fayil ya suɓuce masa, takardu suka watse a ƙasa. Ya cire tabarau, ya dubi Baba, ya dubi Mama, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Na canza tsari," ya ce wa 'yar yana share ido. "Mamanki ce za ta fara. Shaidu a waje suke jira, sai an kira ki."

'Yar ta zauna a bencin waje da jawabin da ta haddace. Ta cikin ƙofa ta jiyo muryar lauyan gwamnati, kaifi kamar almakashi. Ta tsinci "tarihin laifi", ta tsinci "wadda aka zalunta ba a taɓa jin ta bakinta ba". A ranta ta hango shagon Baba a rufe, kekunan ɗinki an lulluɓe su da zane.

Sai muryar Mama.

Sai dariya ta fashe a ɗakin, ta mutane da yawa, har aka bubbuga tebur aka ce a natsu. Ba a natsu ba.

Da ƙofa ta buɗe lauya ne ya fara fitowa, yana ɗaga takarda sama kamar ya ci gasa.

"An yafe! Takardar zama ta dawo. Ba inda za shi!"

Baba ya biyo baya ya rufe fuska da hula. Ɗan sandan bakin ƙofa ya miƙa masa hannu yana murmushi, magatakardar kotu ta leƙo don ta ƙara ganin Mama. 'Yar ta rungume ubanta tana kuka tana dariya, sannan ta juya.

"Ni ko kirana ba a yi ba! Mama, me kika ce musu?"

"Wata magana ce ubanki ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Ya ce gara a kore shi da 'ya'yansa su ji. Yau da safe tsoro ya fi kunya ƙarfi, ya ce in faɗa."

"Wace magana?"

Mama ta gyara mayafi, ta saƙala hannu a na Baba.

"Layi uku na bi mutumin nan ba takalmi kafin in cafke wuyan rigarsa in karɓi jakata, shi ne yanzu zan zuba ido a ƙwace mini shi?"