Janareton Inuwa

Da reza Inuwa ya fere wayar, a hankali, daidai inda take shiga jikin injin feshin ruwa. Ya lanƙwasa jan ƙarfen ya manna shi da gangar injin, sannan ya shafa baƙin mai ya rufe wurin. Ko mai gyaran wuta sai ya sa ido sosai kafin ya gani. Daga nan ya ɗauki takalman robar Pindar ya jefa su bayan tankin ruwa.

Shekara shida ke nan Pindar yana yi masa aiki. Inuwa ne mai kayan: napep ɗaya, tanki, injin feshi mai aiki da wuta, injin zuƙe ƙura, da janareto. Pindar ke zagawa da su gida-gida, daga unguwar Jiddari Polo har Maisandari, yana wanke motoci. A shekarun nan na tashin hankali babu mai son ya ajiye motarsa a bakin titi ya zauna jiran wanki, don haka kasuwa ta buɗe.

Janareton kuwa duk unguwa an san shi. Inuwa da kansa ya kwance masa salansa, ya ce ƙarar ita ce tallarsu. Bai yi ƙarya ba. Da an tayar da shi a gida ɗaya, sai gidaje uku su aiko a zo musu. Masu ƙorafi sun yi har sun gaji, shi ko sai dariya.

Yanzu dariyar ta ƙare. Wata huɗu da suka wuce, wata Talata da hantsi, Pindar yana wanke motar Inuwa a cikin gidan nan, get a kulle da sakata kamar yadda kowa yake yi. Kellu, matar Inuwa, ta fita sayen maganin tari. Tana dawowa harbi ya ɓarke a bakin layi. Ta rugo ta iso get, ta yi ta bugu da hannu biyu tana kiran Pindar. Taku goma ne tsakaninsu. Ba a buɗe ba. A nan harsashi ya same ta.

Da aka tambaye shi, kalma uku ya faɗa: "Ban ji ba."

Da farko Inuwa ya yarda, don ya san halin janaretonsa. Sai bayan sadakar bakwai Ya Fanna, tsohuwar da tagarta ke kallon tsakar gidan, ta kira shi gefe. Ta rantse da Allah janareton a kashe yake ranar. Ta hango Pindar da tsumma yana goge gilashi, bayansa ga get, ko waiwaye bai yi ba.

Tun ranar Inuwa bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Ya tsani mutumin, tsana irin wadda take tashinka daga barci. Matsoraci ne, ya ji bugun sarai, ya zaɓi ransa ya bar na Kellu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne rashin kunyar. In yana yi masa magana, Pindar ba ya sunkuyar da kai, sai ya kafe shi da ido ƙur a fuska. In ya kira wayarsa ba ya ɗauka, sai can ya turo saƙo, kamar shi ne maigidan. Ga ɗaga murya in zai ba da amsa.

Bai kore shi ba. Kora ai sauƙi ce.

Ƙarfe tara Pindar ya iso. Inuwa ya nuna masa motar, ita dai wannan, a wurin da take ranar. Pindar ya duba cikin napep, ya leƙa ƙarƙashin kujera, bai ga takalmansa ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya tuɓe silifas, ya naɗe ƙafar wando. Sannan ya kwara bokiti biyu a jikin motar don laka ta jiƙa. Ruwa ya malale siminti har idon sawunsa.

"Zan je in dawo," in ji Inuwa. "Kulle get."

Pindar ya dube shi, ya gyaɗa kai. Sakata ta shige.

Inuwa bai je ko'ina ba. Ya tsaya a waje, daidai inda aka ɗauke Kellu, ya harɗe hannuwa. Za a ce tsautsayi ne, ruwa da wuta, ga mutum ba takalmi. Shi dai yana so ya ji da kunnensa.

Yana nan tsaye sai ga Hassana, matar Pindar, da kwanon abinci a leda. Ta rusuna ta gaishe shi, ta ce maigidanta ya fito bai karya ba. Ta ajiye ledar a gindin get, ta ciro waya ta hau rubuta saƙo.

A ciki aka ja igiyar janareto. Ya yi tari ya mutu.

"Ga ki ga ƙofa," in ji Inuwa a gatse, "ba sai ki buga ba? Ko ke ma ba ya buɗe miki?"

Aka sake jan igiyar. Hassana ta ɗago, ta dube shi, idonta ya kawo ruwa.

"Oga, ku rufa mana asiri, ya hana ni faɗa don kada ku sallame shi. Shekara biyu ke nan ko tsawa ba ya ji, bakin mutum yake kallo. Likita ya ce ƙarar janareton nan ce ta cinye masa kunne."

A ja na uku janareto ya kama.