Shirin Shekara Goma

Shafi uku ya ba mai buga takardu da safe, shafi huɗu ta dawo masa da su kafin azahar.

Sabon shugaban ofishin ilimi na gunduma ya ɗora yatsa a kan layi, kamar yadda ya saba karatu, ya bi shafi na huɗun kalma-kalma. Maganarsa ce tsaf: rage cunkoson aji, horar da malamai duk hutu. Sai dai wannan ɓangaren yana cikin littafinsa na hannu, littafin kuma yana kulle a durowa.

Ya leƙa ta taga. Mai buga takardun, dattijuwa da ta girmi rabin kujerun ofishin, tana ta ƙwanƙwasa na'ura, ko kallon takardar gabanta ba ta yi. Kusa da ita mataimakinsa ne tsaye yana washe baki. Mutumin nan shekara shida yana lasar leɓe a kan kujerar shugaba, aka ɗauko wani daga wata ma'aikata aka ɗora masa.

Ranar Alhamis hukumar ilimi za ta saurari shirin shekara goma na ɗaga karatun yara a makarantu arba'in da biyu. Da sharaɗin shirin aka ba shi kujerar. In mataimaki ya riga shi miƙa irinsa, shi za a kira ɓarawon tunani, ya tattara ya koma inda ya fito.

Ya sa aka canza kwaɗon durowa. Washegari ya ba ta shafi biyu, ta kawo uku. A cikin na ukun har da sunan wata makaranta da bai taɓa gani a jerin gundumar ba. Ya ce a ransa ai ɓarawo ma yana tuntuɓe, ya soke sunan da jan biro.

Daga nan ya daina cin abinci a ofis, ya daina amsa waya sai a mota. Ko masinja ya gaishe shi sai ya juya gaisuwar ya duba bayanta. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Ranar Laraba ya ɗana tarko. Babban burin shirin, wanda zai rufe da shi, bai rubuta a ko'ina ba, ko matarsa bai faɗa wa ba. Ya bar shi a kansa, ya zauna jira.

Ƙarfe biyu dattijuwar ta shigo ta ajiye shafi guda. "Nan da shekara goma, kowane ɗan aji uku zai karanta shafi ɗaya ba gargada." Ko wasali bai canza ba.

Ya rufe ƙofa. "Mama, wa ya sa ki?"

"Sa ni me, Yallaɓai?"

"Wannan ban rubuta shi ba. A ina kika samo?"

Ta dube shi da tausayi, irin kallon da ake wa yaro mai zazzaɓi. Ta fita, ta dawo rungume da fayil uku masu ƙura.

"Kai ne na huɗu. Duk wanda ya zo da wannan yake zuwa, shekara kawai nake canzawa. Na ga kana wahala ne na ce bari in rage maka."

Ya jawo na ƙasa, wanda takardunsa suka yi ja, shekara talatin da ɗaya ke nan da buga shi. A bayansa an liƙa jerin 'yan aji uku da ba su iya karatu ba, waɗanda aka yi alkawarin shirin zai fara cetowa. Ya ɗora yatsa ya fara gangarowa a hankali.

Sunansa ne na bakwai.