Kwanon Niƙan Malam Uwaisu

A injin niƙa na Madadi, kowa da ƙyallen da yake ɗaure kwanonsa don gudun musaya. Duk da haka, ran Talata Turai, bazawara mai 'ya'ya uku, ta koma gida da kwanon wani.

Bayan la'asar Malam Uwaisu ya yi sallama a zaure, riƙe da nata. Tun rasuwar matarsa shi ke kai niƙa da kansa.

"Turai, garinki ya biyo ni gida."

Ta karɓa. Ya gyara hula, ya sake gyarawa. Ta lura da baƙin zare ya ɗinke maɓallin farar rigarsa. In ya juya yanzu, ba zai sake samun hujjar zuwa ba.

"Na ce... ko Allah ne ya haɗa kwanukan nan? In kin amince, in tura yayana wurin Baffanki."

"Malam, tun a bakin injin na ga ƙyallen ba nawa ba ne."

Ya ɗago ido.

"Ina gani na ɗauka." Ta ja mayafi. "Garinka kuma na tuƙe shi. Zauna ka ci."