Hoton da Aka Datse

Kuɗin sun fita daga wayarta, amma ba su shiga tasa ba.

"Ke dai komai kika taɓa sai ya lalace," in ji yayanta, yana safa da marwa a ƙofar ɗakin tiyata. Mahaifiyarsu na kwance a ciki, likita na jiran a biya.

Kuɗin kirifto ne, wato na intanet, da ta tara da guminta a kan keken ɗinki. Shi zai canza su ya biya asibiti, tunda ya rantse aljihunsa wayam yake. Ta kwafi adireshin asusunsa daga hoton da ya turo mata, harafi bayan harafi.

Ma'aikaciyar kamfanin da asusunsa yake ta amsa kiransu da sanyin murya. "Adireshin daidai ne, amma na kowa da kowa ne. Akwai 'yar lamba a ƙasansa, ita ke nuna mai asusu. Ku turo shaidar turawa. Za a dawo da su, sai dai ba a makon nan ba."

"Kin ji ko? Lamba ƙiri-ƙiri kika tsallake," in ji yayan.

Ta buɗe hoton. Babu wata lamba. An datse ƙasansa.

"Yaya, me ka yanke a nan?"

Ta zare wayarsa daga hannunsa, bai hana ba. Ga lambar nan a shafin asusunsa. Daf da ita kuma ga abin da ya datse don kada ta gani: ajiyarsa, wadda ta isa a yi wa Mama aiki har sau biyu.