Farin Kallabi a Cikin Kurmi

Ke da kika zo mini da kumburarren baki wai mijinki ya canja, ajiye ƙullin kayan nan tukuna ki ji wannan.

An yi wani manomi da matarsa a wani ƙauye a gindin dutse, gonarsu tana hayin rafi. Ba a isa gonar sai an ratsa kurmi, irin wanda malmo da kanya da tukurwa suka haɗe kai a sama, ko da rana tsaka ka shiga sai ka ce magariba ta yi. Hanyar kuwa siririya ce, a bakin gaɓa take tafiya. Shekara talatin da ɗoriya suna bin ta, shi a gaba da fartanya a kafaɗa, ita a baya da ƙwarya a ka, yadda suka tarar iyaye suna yi. Har ran Lahadi in an taso daga sujada sukan bi ta, don kawai su ga yadda shuka ta kwana. Akwai wani wuri a tsakiyar kurmin inda tsohuwar bishiya ta faɗi ta bar kafa, rana tana zubowa ta nan kamar an tsiyaye ta daga tulu. Kullum a nan yake tsayawa ya ce, "Maman Tabita, kin gani? Ko a nan Ubangiji bai rasa ƙofar shigowa ba."

Wata damina, suna isa bakin kurmi sai ya ratse gefe ya ce ta wuce gaba. Ta yi dariya ta ce, "Yau kuma ni ce maigidan?" Bai yi dariya ba. Kashegari ma haka, jibi ma haka. Sai ya ƙara da cewa ta riƙa ɗaura farin kallabinta na zumuntar mata. Ta ce, "Kallabin sujada zan kai gona ya sha laka?" Ya ce, "Ki dai ɗaura." Daga nan ya daina tsayawa a wurin hasken. Ya wuce yayanta a hanya ko gaisuwa babu. Ya tattake mata kuɓewar da ta shuka a gefen kunya, bai ko waiwaya ba. Ita kuwa tana tsince su ɗaya ɗaya tana zubawa a zuciya, kamar mai tara tsakuwa a cikin shinkafa. A bakin rijiya wata mai dogon harshe ta ƙarasa mata aikin, ta ce, "Jaka ake sawa a gaba a bi ta a baya." Maganar ta zauna mata daram. Ta daina duban fuskarsa, tuwo ma sai ta dire masa tana kallon bango. Duk da haka in ana waƙar haske a majami'a, muryarta ta fi ta kowa tashi.

Ran nan da hantsi ta buɗe adaka, ta ture farin, ta zaro baƙi wanda ya sha rinin baba ta ɗaura, da gangan. Suna shiga kurmi ta ƙara sauri. Ta ji shi a baya yana cewa, "Maman Tabita, dakata mini." Ya sake faɗa. Ta ce a ranta, yau jakar ta yi tutsu. Ta fita fili ta kama ciran ciyawa, har inuwarta ta dawo ƙarƙashin ƙafarta bai iso ba. Da ta koma nema, a ƙasan gaɓa ta same shi kan duwatsu, ƙugu a karye, fartanya cikin ruwa. Ta tallabo kansa, sai a lokacin ta dubi idonsa, karo na farko cikin wata da watanni, ta ga yanar ido ta rufe shi fari fat. Ya ce, "Na daɗe ina gani kamar ta cikin hayaƙi. A fili ina lallaɓawa. A kurmi kuwa ba abin da nake gani sai farin kallabinki." Ta ce, "Me ya hana ka faɗa mini?" Ya ce, "Kunya. Ke me ya hana ki tambaya?" Aka ɗauke shi a amalanke zuwa asibiti. Likita ya duba idon ya ce wannan ai aikin safiya ɗaya ne da an kawo shi da wuri. Ƙugun ne bai ɗoru ba. Bai ga kakar shekarar ba, dawar da ya shuka wasu suka yanka.

Har ta tsufa tana ratsa kurmin nan ita kaɗai da farin kallabi, ba mai bin ta a baya. In ta zo inda ranar take zubowa takan tsaya jim, ta wuce.

Ba na wanke shi, girman kai ya ci shi. Amma dubi ita. An ce da mu mu ne haske ga juna, ga shi Allah ya mai da ita fitilar mutum ɗaya tak a duniya, ta sa hannu ta kashe, tana tsammani fansar kanta take ɗauka. Shi makaho ya san duhunsa, har ya nemi abin bi. Ita mai ido biyu ba ta san tana cikin nata ba. Tashi ki koma gida, ki dubi mutumin nan cikin ido ki tambaye shi abin da ke damunsa tun yana da bakin amsawa. Ba banza Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu ba.