Gawar da Janar Ya Goya

Taufiq ya jingine gorarsa a jikin dogon-yaro, ya ƙara muryar rediyo. Muhawarar nan ce dai da ta hana Maiduguri sakat tun da Janar Madu Garkuwa mai ritaya ya fito neman shugabancin ƙasa: da gaske ya yi yaƙi a Laberiya, ko kuwa a bayan tebur ya ƙare aikinsa?

A wurin Taufiq babu abin tambaya. Shi ne shugaban 'yan gora na layinsu a Dala, samarin da ke tare hanya suna binciken masu shiga da fita. Tun da 'yan Boko suka yanka yayansa a hanyar Konduga ya ƙudurce a ransa cewa soja ne kaɗai zai gyara ƙasar nan, sojan ma Janar. Ya haddace labarin kamar karatu. An yi wa rundunar Janar kwanton ɓauna a bakin wani kogi, aka harbe mai yi masa hidima, Kofur Pindar Dzarma. Janar ya rantse ba zai bar wa 'yan tawaye gawar yaronsa ba, ya goya ta cikin ruwan harsashi har sansani.

Majalisar da ke zama a gindin bishiyar ta rabu biyu. Ba'ana tela yana cewa a kawo shaida, samari suna cewa duk mai neman shaida a kan wannan ɗan amshin shatan abokan hamayya ne. Murya ta hau kan murya, har an fara nuna wa juna yatsa.

A ƙarshen benci akwai wani dattijo ɗan gudun hijira daga kudancin Barno, wanda ya raɓa a wani kango shi da 'yarsa bayan an ƙone garinsu. Ba wanda ya damu da sunansa, Baba kawai ake ce masa. Taufiq bai taɓa sakin jiki da shi ba. Mutumin yana jan ƙafa, amma zamansa a miƙe yake. Ranar da aka kawo hari bayan gari, jama'a suna ta gudu ba kan gado, shi kuwa ya karkata kunne ya ce wannan ƙarar ba ta sojoji ba ce, a yi yamma. Haka kuwa abin ya kasance. A ganin Taufiq, manomi ba ya gane bindiga da kunne sai in ya zauna da masu ita.

Rediyo ta sako muryar Janar yana ba da labarin kogin, muryarsa tana rawa.

"Bai goyi kowa ba," in ji dattijon, idonsa a ƙasa. "Mota ya shiga. Ko waiwaye bai yi ba."

Taufiq ya kashe rediyon, ya taka har gabansa. Ya tambaye shi wa ya aiko shi, kuma a gidan uban wa ya san abin da ya faru a Laberiya. Samari suka taso da gorori, suka kewaye bencin. Ba'ana ya ce a rabu da tsoho, ba wanda ya ji shi.

"Tsaya ka gani, yarona," in ji dattijon.

Ya miƙe da ƙyar, ya cusa hannu biyu a ƙarƙashin babbar rigarsa.

A shekarun nan, duk wanda ya cusa hannu cikin riga a tsakiyar jama'a, abu ɗaya ake tsammani. Wani ya ƙwala ihun bam. Masu gudu suka ture benci, suka tattake juna. Taufiq bai gudu ba. Ya ɗaga gora da hannu biyu ya sauke a tsakar kan dattijon, ya ji ƙarar ta ratsa har kafaɗarsa. Mutumin ya durƙushe, hannuwansa suna cikin riga har yanzu, don haka samarin da ba su gudu ba suka ci gaba da dukan hannuwan har suka karye. Wani ya kawo bulo. Jini ya fantsamo wa Taufiq a fuska, bai share ba sai da jikin ya daina motsi.

Sojoji suka iso, suka kori mutane nesa. Wani hafsa ya matsa a hankali, ya sa wuƙa ya tsarge rigar daga wuya har ƙasa. Babu waya, babu ɗamara, babu komai sai tsofaffin tabbai a haƙarƙari da ciki, zagayayyu irin na harsashi, sun daɗe da warkewa. Hafsan ya jima yana kallonsu.

Taufiq ya shiga gaya wa kansa cewa ko ba bam, ai maƙaryaci ne, ai ya ci mutuncin gwarzo, ai ba a san asalinsa ba.

'Yar dattijon, Rhoda, ta ratso jama'a da bokitin ruwa a ka. Ta sauke shi a hankali. Ba ta yi ihu ba. Ta kwance mayafinta ta rufe fuskar da ba ta ganuwa, ta zauna a cikin jinin. Hafsan ya tsuguna kusa da ita, ya tambaye ta sunan mamacin don a faɗa a asibiti.

Ta ɗago ido, ba hafsan ta kalla ba, Taufiq ta kalla.

"Ba yau aka fara cewa ya mutu ba, Oga. Sunansa Kofur Pindar Dzarma."