Muryar Turai a Motar Kasuwa

Yau Turai ba ta shimfiɗa wa saurayinta Ladan tabarma ba. A tsaye ta bar shi a zauren gidansu da ke Badafi, yana ta murmushi, riƙe da kaset ɗinsa na farko.

"Ya karɓu, Turai! Daga Kiru har Tudun Wada, ba motar da ba ta sa shi. Kwali biyu na kawo, ko ɗaya bai kwana ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. Waƙar da ke cikin kaset ɗin nan a ƙuryar ɗaki ta rera ta, ta naɗa a rikodar yayanta, ta aika masa lokacin da yake koyon fiyano a Kano. Shi kaɗai ta yi wa. Shi kuwa ya ɗora mata kiɗan disko, ya watsa wa duniya.

"Jiya Baba ya shiga motar kasuwa," ta ce. "Direba ya ƙure sauti, yaran mota na kaɗa kai, ga ni ina kiran sunanka. Tun da ya dawo bai dube ni ba."

"Ai ban rubuta sunanki ba..."

"Uba ne zai kasa gane muryar 'yarsa?"

Ladan ya sunkuyar da kai. "Wallahi don kuɗin aurenmu na yi."

Ta fizge kaset ɗin, ta yi ta jan zaren har ya taru a ƙasa, ta miƙa masa fankon.

"Malam Ladan, daga yau in kana son jin muryata, ka shiga mota kamar kowa."